Yadda ake gyara bugun golf: abin da koci zai yi maka da abin da za ka yi wa kanka

Shekarata ta farko a wasan golf, duk ƙwallon da na buga da doguwar sanda sai ya tashi kamar zai miƙe, can a sama ya lanƙwasa dama ya faɗa cikin itatuwa. Dabarar da na ƙirƙiro wa kaina ita ce in riƙa fuskantar hagu, wai don in ya lanƙwasa ya dawo tsakiya. Ashe rura wutar nake yi, domin iya juyawata hagu, iya yadda sandar ke yankar ƙwallon a karkace. Ranar da na haƙura na je wurin koci, ƙwallo uku kawai ya kalla. Ya ce, "Tsaya haka, kada ka motsa." Ya kama hannuna na hagu ya ɗan murɗa shi a kan mariƙin. Na ce, "Malam, ai dama haka nake riƙewa." Bai yi musu da ni ba, ya ciro waya ya nuna mini hoton da ya ɗauka. Wallahi ba haka nake riƙewa ba.

An ce gani ya kori ji, kuma a golf maganar ta zauna daram, domin abin da jikinka ke ji yana yi daban yake da abin da yake yi. Lilon sanda, tun daga ɗagawa har dukan ƙwallo, bai wuce daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ba, kuma rabinsa a bayanka yake faruwa. Saboda haka duk gardamar da ake yi kan ko a ɗauki koci ko mutum ya koya da kansa, a wurina magana ɗaya ce: wa zai gane maka? Kowane ɓangare na da gwaninsa. Bubba Watson bai taɓa zama gaban koci ba, ya kuma ci gasar Masters a 2012 da 2014. Jack Nicklaus kuwa tun yana ɗan shekara 10 yake hannun Jack Grout, ya tara manyan kofuna 18. Ni dai abin da na gani ya fi yi wa mai farawa aiki shi ne a gama biyun: darasi kaɗan, atisaye mai yawa, tare da kayan da za su faɗa maka gaskiya idan koci ba ya nan.

Kayan da za ka tanada

Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanda har 14 a jaka, amma gyaran bugu uku sun ishe ka: ayan mai lamba 7, wato matsakaiciyar sanda mai kan ƙarfe, sai wej wato gajeriyar sandar nan mai kwantacciyar fuska, sai direba, doguwar da ake yin bugun farko mai nisa da ita. Mafi yawan aikin da mai lamba 7 za a yi shi. Ka nemi safar hannu ɗaya, wadda na-dama ke sa wa a hagu. Duk bayanin da zan yi na mai bugu da dama ne, bahago sai ya juya shi.

Sai waya mai ɗaukar bidiyo a hankali, mai hoto 120 ko 240 a daƙiƙa, da abin kafa ta. In babu maƙalin waya, ka ɗaure ta a jikin jakar sanduna da roba. Sai siraran sanduna biyu na saiti, waɗanda in ba ka da su sandunan wasanka biyu da ba ka amfani da su za su yi. Sai tsohon tawul, da hodar feshi ta ƙafa, ko alƙalamin rubutu a farin allo, da ɗan littafi.

Wurin atisaye mai ciyawa ya fi mai shimfiɗar roba. Shimfiɗa makaryaciya ce: ko ka daki ƙasa kafin ƙwallo, sandar za ta zame ta same shi, ya tashi, ka ɗauka ka yi abin kirki. In ita ce kawai gare ka, tawul zai tona asirinta, za mu zo wurin.

1. Ka fara da sanin ciwonka

Kafin ka gyara komai, ka ɗumama jiki na minti goma, ka buga ƙwallo 20 da mai lamba 7 yadda ka saba, ba tare da ƙoƙarin burge kowa ba. Bayan kowane bugu ka rubuta abu uku: ina ya nufa da ya tashi, ina ya lanƙwasa, kuma ƙasa ka fara samu ko ƙwallo. Ka fesa hoda a fuskar sandar, tambarin da ƙwallon zai bari zai nuna maka ko tsakiya ka samu, ko hancin fuskar, wato can ƙarshenta, ko diddigenta na kusa da wuyan sanda. In alƙalami ne da kai, ka ɗiga tawada a bayan ƙwallon, za ta manne a inda ya taɓa.

Sannan ka ɗauki bidiyo ta fuska biyu: ɗaya daga gabanka, kamara na kallon ƙirjinka, ɗaya daga bayan hannuwanka tana kallon inda kake nufi. Duka biyun a tsayin hannuwanka. Wannan tsayin ba ƙaramin abu ba ne. Kamarar da aka ajiye a ƙasa ko aka karkatar gefe za ta nuna maka aibin da babu shi, ka shafe wata guda kana maganin cutar da ba ka da ita.

2. Riƙo da tsayuwa: nan ne kuɗin koci ke halatta

In darasi biyu ko uku kawai za ka iya ɗauka a rayuwarka, ka kashe su a nan, kuma tun da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya shekara biyar da karkataccen riƙo ya riga ya gina sauran lilonsa a kansa, ranar da aka gyara riƙon sai komai ya wargaje.

Sandar a yatsun hannun hagu take kwanciya, daga gindin ƙaramin yatsa zuwa tsakiyar manuni, tudun tafin hannu ya danne ta daga sama. Idan ka dubi ƙasa ka ga gaɓoɓi biyu ko uku na bayan hannun. Tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta nufi kafaɗarka ta dama. Mafi yawan masu lanƙwasa ƙwallo dama gaɓa ɗaya suke gani, sandar kuma tana tsakiyar tafi kamar an riƙe taɓarya. Haɗa hannun dama iri uku ne. Akwai ɗora ƙaramin yatsan dama a kan yatsun hagu, riƙon da ake jingina wa Harry Vardon. Akwai sarƙe shi da manunin hagu, yadda Nicklaus da Tiger Woods ke yi. Akwai kuma ɗora yatsu goma duka. Ka zaɓi wanda ya zauna maka, kada ka ɓata mako a kai. Abin da zan gargaɗe ka shi ne matsa: idan jijiyoyin damtsenka sun fito, ka matse da yawa.

Tsayuwa kuwa, ƙafafu faɗin kafaɗa, ka sunkuya daga ƙugu ba daga gadon baya ba, gwiwoyi a ɗan sake, hannuwa su sauko da kansu. Ƙwallon mai lamba 7 yana tsakiya ko ɗan gaba kaɗan, na direba daidai diddigen hagu. Ka shimfiɗa sandar saiti ɗaya tana nuna inda kake nufi, ɗaya a gaban yatsun ƙafarka, su jeru kamar layin dogo. Ƙafafunka ba sa kallon tutar da kake nufi kai tsaye, gefenta na hagu suke bi.

In babu koci kusa da kai, ka yi da madubi mai tsayi. Minti biyar kullum, ka riƙe, ka saki, ka sake riƙewa. Sabon riƙo zai yi maka baƙunta har ka ji kamar ba hannunka ba ne. Haka ake so. In ya yi maka daɗi tun ranar farko, to ba ka canza komai ba.

3. Ƙwallo tukuna, sannan ƙasa

Wannan matakin naka ne kai kaɗai, ba wanda zai yi maka shi, kuma shi ya raba mai wasa da mai wahala. Sabon shiga yana ɗauka aikinsa ne ya ɗaga ƙwallo sama, sai ya jingina baya yana ƙoƙarin kwasar sa kamar da ludayi. Kwanciyar fuskar sanda ce ke ɗaga ƙwallo. Mai lamba 7 tana da kwanciyar da ta kai wajen digiri 30 zuwa 34, ta isa. Naka shi ne sandar ta same shi tana kan saukowa, ta ɗebi ciyawa a gabansa, ba a bayansa ba.

Ka ja layi a ƙasa, ka tsaya layin na tsakiyar ƙafafunka, ba ƙwallo. Ka yi rabin lilo, hannun hagu ya tsaya daidai ƙirji a baya, ka sauko. Dubi inda sandar ta fara cin ƙasa. In bayan layi ne, nauyinka ya maƙale a ƙafar dama. Ka fara da ɗan ƙarin nauyi a hagu, ka kuma tabbata ka ƙare da kan bel ɗinka na kallon inda kake nufi, diddigen dama a sama. Sai ka samu takwas cikin goma a gaban layi kafin ka ɗora ƙwallo a kansa. A kan shimfiɗar roba, ka ninka tawul ka ajiye shi kamar faɗin tafin hannu a bayan ƙwallon. Ka daki tawul, ka san ka fara da ƙasa.

Bari in ɗan ratse. A duk filin atisaye akwai wani bawan Allah da zai matso ya ce maka, "Kai kake ɗagawa, ka riƙa danne shi." Ka gode masa, ka bar maganar a nan. Dukan saman ƙwallo yawanci daga miƙewar jiki ne ko lanƙwashewar hannuwa, kuma wanda ya kafe kansa a ƙasa ya hana jikinsa juyawa, ya jawo wa wuyansa ciwo. Annika Sörenstam kanta yakan juya ya bi ƙwallo tun kafin ta gama duka, da hakan ta gama zagaye ɗaya da bugu 59 kacal a 2001, a golf kuwa ƙarancin bugu shi ne gwaninta.

4. Ka koyi karanta tafiyar ƙwallo

Ilimin da kake bukata a nan bai fi jimla biyu ba. Inda ƙwallo ya nufa da ya tashi, mafi yawansa fuskar sanda ce ta aika shi. Lanƙwasar da yake yi a sama kuwa, saɓani ne tsakanin inda fuskar ke kallo da hanyar da sandar ta biyo. Idan fuska na kallon dama da hanyar, ƙwallo zai lanƙwasa dama. Idan tana kallon hagu da ita, ya lanƙwasa hagu.

Ka ga ke nan mai lanƙwasa dama ciwo biyu gare shi: buɗaɗɗiyar fuska, da sandar da ke faɗowa daga waje tana yankowa ciki. Na biyun ɗan na farkon ne, jiki ne ke neman ceto. Don haka fuska ake fara gyarawa. Ka murɗa riƙon hagu har ka ga gaɓoɓi uku, ka yi ta bugawa har ƙwallo ya fara tafiya hagu yana ƙara lanƙwasa hagu. Kada ka tsorata, alamar nasara ce, ko da yake ba ta da kyan gani. Daga nan sai hanya: ka ajiye hular da ake rufe kan sandar direba da ita ko kwalin da ba komai ciki a wajen ƙwallon, ɗan baya kaɗan, yadda sandar da ta faɗo daga waje za ta buge shi. Jikinka da kansa zai nemi hanyar ciki don ya kauce. Wanda ya fara da hanya ya bar fuska a buɗe, ƙwallonsa zai tashi dama ya ƙara dama, ya ce gyaran ƙarya ne ya koma gidan jiya.

Abu ɗaya ke ɓata wannan karatun, musamman da direba: dukan da bai sami tsakiya ba. Na diddige yana tura ƙwallo ya lanƙwasa dama, na hanci ya lanƙwasa hagu, ko da lilon lafiya lau yake. Shi ya sa hodar nan ba ta barin jakata. Kafin ka zargi lilonka, dubi tambari.

5. Gyara ɗaya a lokaci ɗaya

Babbar cutar mai koya wa kansa ita ce yawan malamai. Daren Litinin ya kalli bidiyo a YouTube an ce ya danne ƙugu, Laraba wani ya ce ya saki ƙugu, Asabar ya iso fili da tunani bakwai a ka, ya kasa ko ɗaga sanda. Ba lallai ne masu bidiyon sun yi ƙarya ba. Kowannensu maganin wani ciwo yake bayarwa, kuma bai taɓa ganin naka ba. Ka koma littafinka na matakin farko, ka zaɓi aibin da ya fi yawa, ka nemi atisaye ɗaya da ya dace da shi, ka rufe sauran na mako uku.

Kada kuma ka gyara abu don kawai bai yi kama da na ƙwararru a hoto ba. Lilon Jim Furyk in ka gan shi sai ka yi dariya, mahaifinsa ne kaɗai ya taɓa koya masa, amma ya gama zagaye ɗaya da bugu 58 kacal a 2016. Ƙwallo bai san kyau ba, abin da fuskar sanda ta gaya masa a lokacin duka shi yake bi.

6. Yadda ake cin kwandon ƙwallo

Ƙwallo 50 da aka buga da lura sun fi 150 da aka watsa. Na ga mutane suna jawo ƙwallo na gaba da sanda tun na farko bai sauka ba, su gama kwando cikin minti ashirin, su tafi da kanta a hannu da gajiya.

Ga yadda nake rabawa. Goma na farko da wej, ƙananan bugu, don jiki ya saki. Ashirin na gyaran da ake ciki, a hankali, da rabin ƙarfi, kowane bugu da lilon gwaji biyu kafinsa, kuma a gwajin ka wuce gona da iri. In kana jin ka kai gyaran ninki biyu, bidiyo zai nuna maka da ƙyar ka motsa. Ashirin na ƙarshe ka manta da gyara, ka yi kamar kana fili: ka zaɓi tuta, ka tsaya bayan ƙwallo ka duba, ka buga, ka canza sanda, ka canza tuta. Wannan kason ne ke bin ka zuwa wasa na gaske, domin a fili ba a ba ka bugu iri ɗaya sau biyu a jere.

Game da sauri, ɗagawar gwanaye takan ɗauki kamar ninki uku na lokacin saukowa. Ka ƙirga "ɗaya, biyu, uku" zuwa sama, "ɗaya" zuwa ƙwallo. Bidiyo kuwa sau ɗaya a mako ya isa. Mai duba waya bayan kowane bugu ya daina wasa, ya koma ɗaukar hoto.

Ranar da ba ka sami zuwa fili ba, lilo 30 a hankali a tsakar gida, kan sandar na shafar wuri ɗaya a tsohuwar darduma, ya fi zama. Ka dai duba sama da bayanka tukuna.

7. Lokacin komawa wurin koci, da yadda ake zaɓensa

Alamomi huɗu ke mayar da ni. Idan na yi wata guda a kan gyara ɗaya lissafin littafina bai motsa ba. Idan ƙwallo ya fara ɓacewa hagu da dama duka, na kasa sanin wanne zai zo. Idan ya fara dukan wuyan sanda yana fita dama a kwance, cutar da 'yan wasa ba sa son ko ambaton sunanta. Sai idan baya ko gwiwar hannu ta fara ciwo, wanda shi likita ma ya kamata ya fara gani kafin koci.

Ka nemi mai takardar shaidar koyarwa, irin ta PGA, wato ƙungiyoyin ƙwararrun golf, amma takarda ba ta isa ba. In da hali ka tsaya gefe ka kalli yadda yake koya wa wani. Kocin kirki yana tambaya kafin ya yi magana: sau nawa kake atisaye, ina ke maka ciwo, me kake so. Yana kallon ƙwallonka kafin ya kalli jikinka. Yana sallamarka da abu ɗaya ko biyu. Na taɓa faɗawa hannun wani da ya lissafa mini aibi tara cikin rabin sa'a, ya ce sai an rushe komai an sake gini. Wata biyu na yi ban san inda hannuna yake ba. Rushe lilo gaba ɗaya aikin wanda golf ne sana'arsa. Tiger Woods ya yi haka da kocinsa Butch Harmon bayan ya ci Masters ta 1997 da tazarar bugu 12, kuma shi ma sai da ya ɗauki fiye da shekara kafin abin ya zauna, ga shi kullum yana fili. Kai mai zuwa sau biyu a mako, faci ya fi maka sabon ɗinki.

Na'urorin auna bugu irin su TrackMan suna da amfani, suna faɗin hanya da fuska da digiri. Amma in koci ya cika ka da lambobi bai gaya maka abin da za ka yi gobe da safe ba, ka tambaye shi kai tsaye.

Ka je da littafinka da bidiyonka. Kafin ku rabu ka ce, "Malam, a ɗauke ni ina yin daidai, kana faɗin abin da zan kula da shi." Wannan bidiyon na minti ɗaya shi ne rabin abin da ka biya. Ka bar mako biyu ko uku tsakanin darasi da darasi, domin wanda ke zuwa kowane mako ba tare da atisaye ba, darasin farko yake ta maimaitawa. Ka kuma sa ran wasanka zai ɗan lalace bayan darasi kafin ya gyaru, don haka kada ka ɗauki darasi ana gobe gasa.

In kuɗin koci kai kaɗai ya yi maka nauyi, darasin rukuni ya wadatar ga riƙo da tsayuwa. In nisa ne matsalar, akwai masu karɓar bidiyo ta intanet su mayar maka da bayani, sai dai ingancin amsarsu na rataye ne da yadda ka kafa kamara, kuma ba mai kama hannunka ya murɗa. In duk babu, ka sami abokin atisaye ku yi yarjejeniya: aikinsa ya faɗi abin da ya gani, kamar "sandar ta ci ƙasa bayan layi", ba ya ba ka magani ba.

8. Sake awo

Bayan mako shida ka maimaita matakin farko sak: sanda ɗaya, ƙwallo 20, tambayoyi uku, hoda a fuska, kamara a wurin da ka kafa ta a da. Ka jera shafukan biyu. Kada ka auna kanka da bugun da ya fi kyau, kowa na da irinsa sau ɗaya a kwando. Ka dubi munanan: nawa ne a da, nawa ne yanzu, kuma sun kai na da muni? In sun ragu, ka ɗauki aibi na gaba a jerin ka koma mataki na 5. In suna nan yadda suke, ka ɗauki shafukan biyu da bidiyon biyu ka kai wa koci.